Jinin Ikemefuna a Wuyan Wa? Nazari a kan Laifin Okonkwo

Akwai wata tsohuwar al'ada a nazarin ƙagaggun labarai, wadda manazarci ke gurfanar da tauraron littafi kamar a gaban alƙali, ba tare da wata shaida ba sai abin da marubuci ya rubuta. Littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958, ya dace da irin wannan shari'a, domin tauraronsa Okonkwo ya zubar da jini sau uku a cikinsa, ban da na fagen yaƙi.

Biyu daga ciki ba su da sarƙaƙiya. A wurin jana'izar dattijo Ezeudu bindigarsa ta fashe, ta hallaka ɗan mamacin mai shekara 16, sai mutanen garinsa Umuofia suka ɗauki lamarin a matsayin kisan kuskure, wato wanda babu niyya a cikinsa, suka kore shi zuwa Mbanta, garin mahaifiyarsa, na shekara 7. Kisan masinjan kotun Turawa kuwa, a bainar jama'a ya aikata shi da gangan.

Inda ra'ayi ya rabu shi ne mutuwar Ikemefuna, yaron da garin Mbaino ya miƙa fansar wata matar Umuofia da aka kashe, wanda ya shekara 3 a gidan Okonkwo har yana kiransa uba. Masu wanke Okonkwo suna kafa hujja da cewa abin bautar Umuofia ne ya yanke hukuncin kashe yaron, cewa wani mutum ne ya fara kai sara, kuma yaron ba ɗan dangi ba ne, saboda haka dokar da ta haramta zubar da jinin dangi ba ta shafe shi ba. Gaskiya ne garin bai hukunta shi ba.

Sai dai littafin da kansa ya rushe wannan kariya. Ezeudu ya je har gida ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu, kuma amininsa Obierika, wanda ya ƙi bin tawagar da ta tafi kashe yaron, ya nuna masa daga baya cewa umarnin bai ambaci wanda zai zartar ba. Abin da ya fi nauyi shi ne dalilin da mai ba da labari ya bayyana: lokacin da yaron ya sheƙo wurinsa neman ceto, Okonkwo ya sare shi ne don tsoron kada a ce masa rago, tsoron da ya samo asali daga kunyar mahaifinsa Unoka, mai busa sarewa da ya mutu da bashi a kansa. Mutumin da aka ba ƙofar fita ya ƙi bi, ya kashe yaron da ya fake da shi don tsare sunansa, ba shi da ikon jingina aikinsa ga umarnin abin bauta. Ɗansa Nwoye ya fahimci an kashe Ikemefuna tun daren da mahaifinsa ya dawo gida, kuma wannan rauni na cikin abin da ya kai shi ga 'yan mishan.