Abincin Sinawa da mai gyambon ciki: bitar littafin Fuchsia Dunlop

Mai gyambon ciki in ya shiga gidan abincin Sinawa, abin da ake jera masa bai wuce soyayyiyar shinkafa da taliya sharkaf da mai da kaza cikin miya mai zaƙi da tsami ba. Dole ya ce wannan ba cimarsa ba ce. Littafin Invitation to a Banquet, wanda ya fito a 2023, ya nuna akwai wani girkin a bayan wannan, ko da yake ba don marasa lafiya aka rubuta shi ba.

Dunlop 'yar Ingila ce da ta koyi girki a Chengdu ta lardin Sichuan a shekarun 1990. Kowane babi ta ɗora shi a kan abinci guda, ta kuma fara da naman zaƙi da tsami na shagunan Birtaniya, wanda aka tsara don bakin Turawa.

Babinta na turara abinci ya fi kama ni, sai wanda ya yi bayanin yadda Sinawa ke ɗaukar abinci a matsayin magani. Daga nan mutum zai san abin da zai nema: farar shinkafa, romo marar maiƙo, awara mai laushi wadda ba a soya ba, kifin da aka turara da 'yar citta da lawashi. Shinkafar da suke dafa wa majinyaci har ta narke kuwa, duk wanda aka taɓa yi wa jinya da gwaten acca a Jos zai gane ta. Kuma kabeji da karas da koren wake da irin wannan girki ke so, ga su jibge a kasuwar Farin Gada ta Jos.

Inda nake da ja shi ne, ƙaunar da Dunlop ke yi wa girkin Sichuan na iya jan mai laulayin ciki zuwa mapo tofu, awarar da ke iyo cikin man barkono. Naman alade da giyar girki ma sun yawaita, don haka Musulmi sai ya tambayi kuku, duk da ta ware babi ga naman rago da ake tsomawa a tafasasshen romo, inda ta taɓo Musulmin Sin. Batun abinci mai zafi da mai sanyi kuwa al'ada ce, ba gwajin asibiti ba. Galibin gyambon ciki ƙwayar cutar H. pylori ke kawo shi, ko yawan shan maganin ciwon jiki, kuma romo ba ya kashe ta.