Ba a Takarda Ake Gano Baiwa Ba

Shekara 11 ke nan ina koyar da ɗinki, kuma fiye da rabinsu farautar kuskure na yi ta yi. Yarinya ta kawo riga, idona ba ya sauka ko'ina sai kan wuyan da ya karkace ko zif ɗin da ya tattare. Haka aka koya mini, haka na koyar. Shi ya sa da masu horarwa na zamani, waɗanda ake kira koci, suka fara zuwa tarukan koyar da sana'a suna cewa a fara da inda mutum ya fi ƙarfi, sai na kasa kunne sosai.

Maganar daga Amurka ta taso. A 1998 Martin Seligman ya shugabanci ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar, ya ce fagensu ya daɗe yana nazarin cuta da baƙin ciki, ya bar abin da ke sa rayuwa ta yi armashi. Shi kansa da binciken karnuka ya fara yin suna a shekarun 1960: karen da aka yi ta jona wa lantarki ba hanyar tsira, daga baya ko an buɗe masa hanya sai ya kwanta ya haƙura. Ranar da na ji wannan jikina ya yi sanyi, domin na san 'yan mata da suka zama haka a gaban keke, kuma da sa hannuna a ciki. A 2004 Seligman da Christopher Peterson suka fitar da littafin da ya jera kyawawan halaye 24 a rukuni 6, irin su godiya da jajircewa da adalci da tawali'u. Kamfanin Gallup kuma, bisa aikin Donald Clifton, yana da nasa jerin na baiwa 34.

Akwai wata ɗalibata da ta yi wata bakwai layinta bai miƙe ba. Kullum warwara. Har ta kai idan na doso kekenta sai ta janye ƙafa daga feda ta sunkuyar da kai. Wata rana gab da Sallah wata mata ta shigo da atamfa tana faɗa, an ɓata mata ɗinki a wani shago. Ina can ina yanka, sai na ji yarinyar nan ta ce, "Mama, zauna ki huta, bari in ga kafaɗar." Ta auna, ta tambaye ta ko tana son hannu mai faɗi saboda alwala, matar ta fita tana dariya. Bayan sati biyu na tambaye ta awon matar, ta faɗe shi da ka, ba ta duba littafi ba. Wata bakwai tana gabana ban gani ba, don layin zare kawai nake kallo. Na mayar da ita kan awo da karɓar aiki. Da ta ga tana da amfani a shagon, sai ta koma keke da kanta.

To, na yarda da tushen abin. Yadda ake tallarsa ne ke damuna. Koci zai zo ya raba takardar tambayoyi, ko ya ce a cike ta a waya, bayan rabin awa a ce wa mutum ga baiwarka guda biyar. Takardar abin da mutum ya faɗa game da kansa kawai take dawo masa da shi. Yarinyar da aka raine ta da kunya, aka hore ta kada ta yabi kanta, za ta ce ba ta iya komai ba, takarda kuma ta yarda da ita. Ɗalibata da an ba ta wannan takarda, da ba ta ce ta iya mutane ba, don ba ta sani ba.

Sai kuma yabo da ya zama sana'a. Har yau ana jin masu cewa kalmar yabo uku ga kowace kalmar gyara ɗaya, wai kimiyya ce. Lissafin daga takardar Barbara Fredrickson da Marcial Losada ta 2005 ya fito, kuma a 2013 Nick Brown da Alan Sokal da Harris Friedman suka nuna ba shi da tushe, har aka janye ɓangaren lissafin daga takardar. Yara ba wawaye ba ne, suna gane yabon da aka ƙirga. "Kin yi ƙoƙari" ba ya gina kowa. Amma a ce mata, "Yadda kika tambayi matar nan zancen alwala, shi ya dawo mana da ita," wannan za ta riƙe shi shekaru, don ta san an kalle ta.

Kuma rauni bai gushe ba don an daina ambatonsa. Mai atamfa ba ruwanta da baiwar tela idan riga ta ƙi shiga. Ɗalibar nan har yanzu tana warware ɗinki idan ya karkace, ni kuma ina tsaye a kanta kamar da. Jiya ta ɗago rigar yaro ta ce, "Anti, duba wuyan nan, kamar ya ja hagu ko?" Ya ja ɗin kuwa. Ta ɗauki reza ta fara warwarewa tun kafin in buɗe baki.