Jita a Bakin Kalangu: Nazarin Tafiyar Ƙungiyar Tal National

A al'adar kiɗan Hausa sunan mutum ɗaya ake kira. Ana cewa Shata, ana cewa Ɗanƙwairo, ana cewa Narambaɗa. Makaɗa da 'yan amshi da sanƙira duk suna ƙarƙashin inuwar uban kiɗa, ranar da ya faɗi kuwa yawanci taron ya watse. Wannan ne ya sa tarihin Tal National, ƙungiyar da aka kafa a Yamai a shekarar 2000, ya cancanci nazari tun daga sunanta. Ba sunan wanda ya kafa ta aka ba ta ba, wato Hamadal Issoufou Moumine da aka fi sani da Almeida, makaɗin jita wanda kuma ya yi aikin alƙali a kotu. Sunan hamadar Tal aka ba ta, wadda ke kusa da Gigimi a gabashin Nijar.

Ɗaukar waƙar gargajiya a ɗora ta a kan kayan kiɗan lantarki ba sabon abu ba ne a duniya. Ƙungiyar Pesniary, wadda Vladimir Mulyavin ya kafa a Minsk a 1969 zamanin Tarayyar Sobiyet, ta yi suna ne da waƙoƙin ƙauyukan Belarus da ta sake wa tufafi ta kai su manyan zaurukan birni. Tal National ba ta bi wannan hanya ba, domin ba ta taɓa barin filin biki ba. Shekaru ta yi tana kiɗa kusan kullum a gidajen aure da suna da wuraren shaƙatawa na Yamai, awa huɗu ko biyar a tsaye, har takan rabu gida biyu don ta halarci taro biyu a dare guda. Fayafayanta ma a kan shataletalen birnin aka riƙa sayar da su. Sai bayan haka kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da Kaani a 2013, Zoy Zoy a 2015, da Tantabara a 2018, wanda sunansa Hausa ce tsantsa.

Masu sharhi a Turai da Amurka sun ji saurin jitar da kaifinta suka kira abin kiɗan rok. Kunnen da ya tashi da kalangu a Ɗantutture ko Kurfi zai ji wani abu dabam. Jitar Almeida ba ta jan dogon zare ita kaɗai. Gajeruwar jimla take kamawa ta yi ta nanata ta, ta karya ta, ta mayar, kamar yadda ɗan kalangu ke matse tsarkiya ya saki. Ga kalangun kansa a tsakiyar kayan, ba a matsayin ado ba: shi ke yanke wa gangunan zamani hanya, shi ke shelar an sauya taki. Wato baƙuwar ce ta koyi harshen 'yan gida. Wannan nasara ce ta gaske, kuma a wannan ɓangare na iyaka ba mu da tamkarta tun bayan yunƙurin Bala Miller a Kaduna a shekarun 1970. Mu fiyano muka runguma, shi kuwa kalangun da ke cikinsa ba ya jin kirari balle ya amsa.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙa. Ƙungiyar da ba ta da uban kiɗa, wadda mawaƙanta ke karɓa-karɓa, wadda ke rera Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci a faifai guda domin kowane ɗan Nijar ya ji nasa, dole ta rage wa magana nauyi. Waƙar Hausa kuwa magana ce kafin ta zama komai. Shata na iya tsayawa a kan amshi ɗaya tsawon rabin awa, kiɗan bai sauya ba, amma ɗiyan waƙar na ta haihuwa: ga zambo, ga habaici, ga tarihin wanda ake wasawa. A wurin Tal National an juya lamarin. Kiɗan ne ke haihuwa, baitin ya tsaya wuri ɗaya yana jiran a dawo gare shi. Mai sauraro a Shikago bai yi asarar komai ba don bai ji harshen ba, kuma wannan, a ganina, ba yabo ba ne kaɗai. Ɗalibin adabi da ya zauna zai rubuta matanin waƙoƙin don ya feɗe salo da jigo zai tarar da abin da ke hannunsa bai taka kara ya karya ba, alhali abin da ya tayar masa da tsikar jiki yana can cikin tsarkiya da wayar jita, inda alƙalaminmu na nazarin waƙar baka bai saba shiga ba.