«Ta faɗa» ko «an tilasta»: masu karatu da littafin In Da So Da Ƙauna

1. Gabatarwa

Littafin Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a Kano a 1991, ya kuma ƙetaro iyaka zuwa kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Sumayya, ɗiyar masu hali, na son Muhammad, wanda talaka ne. Da aka matsa mata ta auri attajiri, sai ta faɗa rijiya. A nan masu karatu suka rabu biyu.

2. Jimla biyu, hukunci biyu

Masu suka sun zargi littafin da koya wa ƴanmata bijire wa iyaye. Jimlarsu ita ce «ta faɗa rijiya»: Sumayya ce aikau, laifin nata ne. Masu kare ta kuwa cewa suke «an tilasta mata». Wannan «an» lamiri ne da ke ɓoye mai aikin. Yana wanke yarinyar, amma ba ya kama sunan kowa, domin mai karatu matashi na jin nauyin nuna iyaye da yatsa. Ke nan ko mai tausayin Sumayya bai fita daga da'irar kunya ba.

3. Kammalawa

Brian Larkin (1997) ya dubi irin waɗannan littattafai ta fuskar finafinan Indiya. Mu a ganinmu, nahawun martanin ma abin nazari ne. Muna ba ɗalibai shawara su tattara maganganun masu karatu, su ƙidaya inda «an» ke maye gurbin «uba» ko «kaka».