Gashin Talotalo a Gindin Kibiya

Kibiyar maharbin ƙasar Hausa ba ta da gashi a gindi. Kyauro ne miƙaƙƙe, da tsinin ƙarfe mai kunnuwa daga maƙera, sai dafin kwankwani da aka dafa aka shafe bakin da shi. Da irinta 'yan bakan Shehu Usmanu suka tare dawakin Gobir a Tafkin Kwatto a 1804. Ko ina ta sami nama, a cinya ne ko a wuya, dafi zai ƙarasa aiki, maharbi ya bi sawu. Don haka gwanintar mutanenmu a bakin kibiya ta taru.

A Greensboro, birnin nan na jihar Karolina ta Arewa a Amurka inda 'yan Nijar da dama suka yi gida, doka ta rufe wannan ƙofa. Hukumar kula da namun daji ta jihar ta haramta sa wa kibiya dafi ko wani magani. Ta ce bakan gargajiya sai ƙarfin jansa ya kai laba 40, wajen kilo 18 ke nan, bakan zamani mai 'yan tayoyi kuma laba 35, sannan faɗin wuƙar tsini kada ya gaza 7/8 na inci. Mai neman barewa mai farar wutsiya a gonakin gundumar Guilford, ko a dajin gwamnati na Uwharrie da ke kudu da birnin, ba shi da madogara sai kibiyarsa ta ratsa huhu biyu, wurin da bai fi faɗin faifai ba, daga nisan yadi 20 ko 30. In ta kauce da taki ɗaya ta faɗa tumbi, dabba za ta gudu ta mutu a wahale inda ba mai ganinta. Shi ya sa maharban can tasu gwanintar ta koma gindin kibiya, kuma gwaninta ce da ta cancanci a tsaya a kalla.

Tsinin farauta mai faɗi ne, yana da wuƙaƙe biyu ko uku. Da kibiya ta bar tsirkiya, iska na kama waɗannan wuƙaƙe tana neman karkatar da kan. Dole a sami wani abu a baya da ya fi su kama iska, ya riƙe gindin a bayan kai, ya kuma sa kibiyar juyawa tana tafe don 'yar karkatar da ke jikinta ta rarrabu ko'ina. Aikin gashi ke nan.

Mai ɗaura gashi da hannu tun bazara yake fara shiri. A watan Afrilu zuwa farkon Mayu ake buɗe farautar talotalon daji a jihar. Tsuntsun ya kusa ƙarewa a da, a 1970 bai fi 2,000 ba a duk faɗin jihar, aka yi ta kamo shi ana sakewa a sababbin dazuka har yanzu ya haura 250,000. Maharbin da ya san darajar fiffike ba ya jefar da shi. Yakan yanke dogayen gasun bakin fiffiken, masu zanen fari da baƙi, ya ware na dama daban na hagu daban, ya ajiye a ɓangaren ƙanƙara na firji don kashe ƙwari. Gashin shaho ko na gaggafa kuwa, ko a ƙasa ya tsinta ba ya ɗauka, domin dokokin tarayya na 1918 da 1940 sun hana mallakarsu.

Warewar nan ta dama da hagu ita ce darasin farko. Kowane gashi yana da gefe mai santsi da gefe mai kaushi, yana kuma da lanƙwasar da aka halicce shi da ita. Na fiffiken dama yana juya kibiya dama, na hagu yana juya ta hagu. Ka haɗa su a kibiya ɗaya, sai su yi ta ja-in-ja a iska. Wasu sun fi son na dama saboda juyin dama yana ƙara ɗaure tsinin da aka murɗa a bakin kibiya, na hagu kuwa yakan kwance shi sannu a hankali.

Sai tsagawa. Yakan kama gashin ya bi tsakiyar karansa da reza daga gindi har kai, ya raba shi biyu. Rabin da zai yi aiki da shi ya matse tsakanin ƙarafa biyu, karan kaɗai ya leƙo, ya goga shi a kan samfefa har ya yi siriri ya kwanta sumul. Nan hannu ke nuna kansa. In ya bar kauri, gashin zai zauna a karkace. In ya ci da yawa, zarurrukan gashin za su rabu da juna, aiki ya lalace. Da ɗan yatsa yake ji, ba da ido ba.

Daga nan ya goge gindin sandar da sifirit, ya kwantar da ita a 'yar na'urar ɗaura gashi. Wadda ta yi suna a wurinsu ita ce Bitzenburger, ta ƙarfe ce mai nauyi da ake ƙerawa a Michigan, tana da mamatsi da maganaɗisu ke riƙewa. Ya sa gashi a mamatsin, ya ja siririn layin gam a karan, ya sauke shi a hankali har ya taɓa sanda daga farko zuwa ƙarshe ba tare da rata ba. Ya jira minti 15 ko 20. Ya murɗa maɓallin na'urar, sanda ta juya digiri 120, ya sa na biyu, sannan na uku. Dozin ɗaya gashi 36 ne, aikin maraice da yawa. Ƙarshe ya ɗiga gam a kan kowane gashi da gindinsa, domin in kibiya ta ratsa ciyawa ko nama nan ne ɓarewa ke farawa. Masu son siffa tasu ta kansu sukan lanƙwasa waya, su ba ta wuta har ta yi ja, su juya kibiyar a gabanta, wayar ta ƙone abin da ya yi yawa. Warin ƙonannen gashi kan sa a kore su zuwa gareji.

Wannan ma sabon yayi ne in aka gwada shi da na 'yan asalin ƙasar. Cherokee, waɗanda har yau suke da ƙasarsu a duwatsun yammacin jihar, da gorar bakin kogi suke yin sanda, su gasa ta a wuta su miƙar da gaɓoɓinta. Gashi biyu kawai suke sawa, su ɗaure kai da gindi da jijiyar barewa da aka tauna ta yi laushi. Jijiyar na bushewa sai ta tsuke da kanta ta kama sandar gam. A ƙauyen tarihi na Oconaluftee ana nuna irin waɗannan sana'o'i ga baƙi. A Ingila kuma, Sarki Henry na Biyar ya ba da umarni a 1417 a cire gashi shida daga kowace dinya don kiban yaƙinsa da Faransa, kuma kiban da aka tsamo daga jirgin Mary Rose, wanda ya nutse a 1545, sun zo da alamar zaren siliki da aka naɗe gashinsu da shi.

Abin da ya sauya lissafi shi ne baka mai tayoyi, wanda Holless Wilbur Allen na jihar Missouri ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1969. Irin na yau yana cilla kibiyar kabon da gudun kusan mita 90 a daƙiƙa. A wannan gudu gajeren fiffiken roba mai tauri, kamar Blazer na kamfanin Bohning mai tsawon inci 2, ya isa, kuma ruwan sama ba ya dama shi. Daga fiffiken roba aka zo ga rigar roba mai tsukewa da zafi, irin bututun da masu gyaran lantarki ke rufe haɗin waya da shi, sai dai wannan ya zo da fikafikai uku a manne tun daga masana'anta. QuikFletch na kamfanin New Archery Products shi ne aka fi sani. Ka kankare tsohon gam, ka goge sanda, ka zura rigar, ka daidaita fiffike ɗaya da tsagin da tsirkiya ke shiga, ka tsoma a tafasasshen ruwa kamar daƙiƙa 10. Kana kallo robar za ta tsuke ta rungume sandar. Kafin shayi ya huce an gama rabin dozin.

Ba na raina wannan dabara, kuma bai kamata a raina ta ba. Mutumin da ya tashi daga aiki da yamma ranar Juma'a, aka buɗe farautar baka washegari Asabar a watan Satumba, ya tarar fikafikan kibansa sun yage, tukunya da murhu sun fitar da shi kunya. Wanda ke kwana a daji ma haka. Rigar, in fara ce, tana da wani amfani babba: in kibiya ta ratsa barewa ta faɗi, maharbi a jikinta yake karanta labari. Jini mai haske da ƙananan kumfa na huhu ne, ya ɗan jira ya bi. Mai duhu na hanta ne, sai ya ba ta sa'o'i. In ya ga kore-kore da wari, tumbi ya taɓa, dole ya haƙura ya ja da baya don kada ya tashe ta daga inda ta kwanta.

Amma rigar ta riga ta yanke wa mutum shawarwarin da su ne zuciyar sana'ar. Tsawon fiffike, yawansa, da zurfin murɗinsa duk an tsayar tun a masana'anta. Ta fi gashi nauyi, nauyi a gindi kuwa yana rage rinjayen kai da kibiyar farauta ke buƙata. Fiffike ɗaya ya yage, sai a yanke rigar duka, alhali mai na'ura ɗayan kawai zai sauya. Mai dogon baka na katako kuwa ba ta da amfani a gare shi, domin kibiyarsa a jikin bakan take gogawa ta wuce. Gashin tsuntsu yakan kwanta ya ba da hanya ya sake miƙewa, roba kuwa sai ta buge katako ta wurgar da gindin gefe. Laifin gashi ɗaya ne da kowa ya yarda da shi, ruwa. Ya jiƙe, ya lafe. Shi ya sa a ranar yayyafi za ka ga sun barbaɗa masa hodar hana ruwa ko sun rufe kwarin da leda, in kuma ya cukurkuɗe su kara shi a tururin buta ya koma daidai.

Mai ɗaura gashi da hannu yana iya cewa wannan tsini mai faɗi ne, bari in ba shi gashi mai inci 5 da murɗi sosai, wancan siriri ne, inci 4 ya ishe shi. Yana iya sa huɗu maimakon uku. Ya san murɗi mai yawa yana daidaita kibiya da wuri amma yana cin gudunta a nesa, ya san dogon gashi yana shuu a iska, barewa kuma kunne gare ta, takan durƙusa don zabura kafin kibiya ta iso. Duk wannan yake aunawa da bakansa da hannunsa da irin dajin da zai shiga.

Ko da wace hanya aka bi, gwanayensu ba sa shiga daji da kibiyar da ba su gwada ba. A zafin Agusta sukan rubuta wa kowace lamba a gindi, su ɗaura mata ainihin tsinin farauta, su harba daga yadi 20, 30, 40. Wadda ta ware daga 'yan'uwanta sai a juya tsagin gindinta zuwa fiffike na gaba a sake harbawa, sau da yawa hakan kaɗai ke dawo da ita layi. In ta ƙi, a kankare a sake ɗaurawa. In ta sake ƙi, ta zama ta atisaye a bayan gida, uku ko huɗun da suka fi haɗa kai su ne ke shiga kwari.