Sharhi Kan Yawaita Dunƙulallen Umarni Wajen Tsara Rubutun Hausa da LaTeX

Tun da Donald Knuth ya fitar da TeX a 1978, Leslie Lamport kuma ya gina LaTeX a kansa, aka ba mai rubutu damar ƙirƙirar makro, wato dunƙulallen umarni da ke tsayawa a madadin wani abu mai tsawo. Ɗaliban harshe da suka koma ga wannan manhaja don tsara kundin digiri sukan yi amfani da damar fiye da kima, musamman a kan haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya mayar da \d ya zama ɗ, \b ya zama ɓ, \k kuma ƙ. A ido abin ya yi daidai. Sai dai duk ukun suna da aikinsu tun asali: \d ɗigo yake sawa ƙarƙashin harafi, \b layi, \k kuwa ƙaramar ƙugiya. Saboda haka wanda ke nazarin kalmomin aro daga Larabci, da zarar ya ƙwace \d, ya rasa ṣ da ṭ da ḥ, kuma sunayen Yarabawa da ke manazartarsa su ma sun lalace. Sau da yawa ba a ganewa sai an buga kundin.

Ko da an zaɓi sabon suna, misali \ka don ƙ, ba a tsira ba. Kalmar haƙƙi sai ta koma ha\ka\ka i, abin da malami mai dubawa ba zai iya karantawa ba, kwamfuta kuma ba za ta gano ta ba idan aka neme ta.

A da akwai uzuri. Haruffan fc na Jörg Knappen da TIPA na Rei Fukui sun cike giɓi a shekarun 1990. Amma tun 2004 Jonathan Kew ya fitar da XeTeX, wanda ke karɓar Unicode kai tsaye. Da haruffa irin su Charis SIL, ana buga ƙ a matsayin ƙ.

Ba a ce a bar makro gaba ɗaya ba. Wurin da ya dace shi ne inda shawara ɗaya ke iya canzawa daga baya. A Nijar ana rubuta ƴ, a Nijeriya 'y; umarni guda mai layi ɗaya ya isa a juya maƙala daga wannan ƙa'ida zuwa waccan. Haka ma \misali don karkata kalmomin misali, domin idan mujalla ta ce a yi musu kauri, wuri ɗaya za a gyara. Irin wannan umarni ya ɗauki sunan aikinsa, a rubuta bayaninsa a gefe, kuma kada ya kira wani makro da shi ma yake kiran wani.