Hoton Tawa na 2005 da gilashin kyamara

A ranar 1 ga watan Agusta na shekarar 2005, Finbarr O'Reilly, ɗan ƙasar Kanada mai ɗaukar wa kamfanin dillancin labarai na Reuters hoto, ya shiga wata cibiyar ciyar da yara masu tamowa a garin Tawa. A can ya ɗauki hoton ƴan yatsun wani yaro ramamme dafe da leɓɓan mahaifiyarsa. A farkon 2006 aka ba wannan hoto kyautar World Press Photo ta gwarzon hoton shekara.

Hoton ya cancanci yabo. Fuskar uwar ta cika shi, ba a tallata tsiraicin kowa ba, kuma mai kallo yana ganin mutum mai daraja kafin ya ga yunwa. Sai dai matse hoto irin wannan yana da nasa farashi, kuma a nan maganar kayan aiki take shigowa.

Masu wannan sana'a sun daɗe suna gardama tsakanin Canon da Nikon, kafin Sony ya shigo da kyamarori marasa madubi, har kamfanin Associated Press ya koma gare su a 2020. Amma gilashin da aka ɗaura a bakin kyamara ya fi sunan kamfani tasiri a kan labari. Dogon gilashi, mai milimita 200, yana jawo fuska daga nesa, ya dusar da abin da ke bayanta, kuma ba sai mai hoto ya yi sallama ba. Gajere, mai milimita 24 ko 35, yana tilasta masa ya matso, ya gaisa, ya nemi izini, sannan ya kwaso ɗaki da titi da jama'a cikin hoton. Henri Cartier-Bresson ya yi mafi yawan aikinsa da Leica da gilashi mai milimita 50, wanda ganinsa ya yi kusa da na idon mutum.

Mene ne matsattsen hoto ya bari a waje a 2005? Fari da fara sun rage amfanin gona a 2004, amma a kasuwannin Maraɗi akwai hatsi. Kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Hoton fuska yana sa a ji tausayi a aiko da taimako. Hoton da ya haɗa buhunan hatsi da matar da ta kasa sayen tiya guda yana sa a tambayi dalili.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su koya wa matasa cewa kafin su gani, wani ya riga ya zaɓi gilashi, ya zaɓi inda zai tsaya. Matashin da ke tara kuɗin kyamararsa ta farko, gara ya fara da gajeren gilashi, ya koyi sallama.